Waƙar da Glenda Ta Ji Daga Bayan Katanga

Alwyn Pattison ya yi shekara talatin da ɗaya yana tuƙa bas a garin Hartlepool, kuma abin da ya fito da shi daga aikin, ban da ciwon baya, shi ne ƙin cunkoson motoci. Ba ƙi na wasa ba. Bawan Allahn nan bai taɓa ganin ƙarshen wasan ƙwallo da idonsa ba. Saura minti goma zai miƙe ya zuge rigarsa, ko da kuwa ana kunnen doki. Ranar bikin 'yarsa, ango na tsakiyar jawabi shi yana leƙen inda ya ajiye mota. Abokansa na mashaya suka laƙaba masa suna Mu-tafi, shi kuwa har daɗi yake ji. Da ya iso gida sai ya duba agogo ya yi shela, "Minti ashirin da biyu!" kamar wani ya tambaye shi.

Matarsa Glenda, wadda ta tsufa tana dafa wa yaran firamare abinci, ta daɗe da daina musu. In ya miƙe, sai ta ɗauki jakarta.

Abu ɗaya ne nata na kanta, wato Denny Orrell, mawaƙin kiɗan rok da ya haukata 'yan mata lokacin tana budurwa. Waƙarsa mai suna "Jira Ni a Gada" ita suka taka ranar aurensu, ita take rerawa in tana wanke-wanke. Amma ba ta taɓa ganinsa ido da ido ba. Da farko babu hali, sai reno, sai jinyar mahaifiyarta. Yanzu Denny ya kai saba'in da takwas, ya ce wannan ne zagayensa na ban kwana, kuma zai tsaya a filin ƙwallon Sunderland a watan Yuni. 'Yarsu ta saya musu tikiti biyu.

Da safen ranar Glenda ta ajiye masa shayi ta ce, "Alwyn, ban cika roƙonka ba. Yau dai ka bar ni in ji waƙata daga bakinsa."

"Haba, sai ka ce wani dodo ne ni? Za ki ji."

Filin ya cika da masu furfura, kowa sanye da tsohuwar riga mai hoton Denny wadda tumbi ya fi ƙarfinta. Tsohon ya fito da rinannen gashi, yana ɗingisawa kaɗan, jitarsa a wuya. Glenda ta manta da ciwon gwiwa, ta miƙe tana ihu. Alwyn kuwa ƙirga kawuna yake yi. Mutum dubu arba'in, in ji shi, a ce mota dubu goma, duk hanya ɗaya za su bi.

Bayan awa biyu Denny ya ɗaga hannu ya ce sai wata rana, ya shige tare da makaɗansa. Ko jariri a ƙasarsu ya san wannan tafiyar ta ƙarya ce. Mawaƙi yakan ɓuya, jama'a su yi ta buga ƙafa suna kiran sunansa, sannan ya dawo ya yi waƙar da kowa ya zo dominta. Alwyn ya sani sarai. Amma ya waiga ya ga matakala fayau babu kowa, sai tsohon halin ya motsa.

"Mu sauka kusa da ƙofa saboda gwiwarki," ya ce. "Daga can ma za ki gani."

Ta yarda, ta riƙe hannunsa. Suna isa ƙasa bai tsaya ba, ya ci gaba da janta. Wata mai gadin ƙofa ta tare su.

"Baba, bai gama ba fa. Kuma wanda ya fita ba ya komawa."

"Mun sani," in ji Alwyn, ya tura ƙofar.

Ba su yi taku hamsin ba filin ya ɗauki wani irin ihu, jita ta saki muryar da Glenda ta sani tun tana 'yar sha bakwai. Ta tsaya cak. Ta zare hannunta daga nasa.

Sai a lokacin abin da ya yi ya faɗo masa. Ya koma wurin mai gadin da gudu, gudun tsoho mai ciwon baya.

"Don Allah 'yata, ita kaɗai. Ni zan tsaya a nan. Minti biyar."

"Ai na gaya maka, Baba. In na buɗe, aikina ne zai tafi."

"Laifina ne, ba nata ba."

"Wannan kam na gani."

Ya juyo. Gari bai gama duhu ba, don haka babu abin da ya ɓoye masa. Ga Glenda can jikin katanga, ta dafa siminti da hannu ɗaya, ta karkata kunne, leɓɓanta na motsi. Iskar teku tana kawo waƙar tana ɗaukewa. Kunya ta rufe Alwyn har ya rasa inda zai sa idonsa. Ya tsaya nesa da ita da makullin mota a hannu, ya kasa matsawa, har aka gama aka shiga tafi.

Hanya kuwa ta ba shi abin da yake so, babu mota ko ɗaya a gabansa. Bai taɓa jin tsanar titi irin ta ranar ba. Ya yi ta jira ta zage shi, ko ta yi kuka, don ya samu bakin ba da haƙuri. Ba ta yi ko ɗaya ba.

Sun kusa gida ta ce a hankali, idonta a kan taga, "Wurin nan da yake ɗaga murya, kusa da ƙarshe. Ya iya kaiwa kuwa? Iska ta ɗauke, ban ji ba."

Tambaya take yi tsakani da Allah, ba gori ba. Alwyn ma bai ji ba, yana can yana roƙo a bakin ƙofa, kuma Denny Orrell ba zai sake rera ta ba balle a je a ji.

"Ban sani ba, Glenda," ya ce.

Ta gyaɗa kai, ta gyara jakarta a kan cinya.