Muryar Baba da baƙin allo

Minti goma sha bakwai kawai muka mallaka na muryar Baba. Ni na ɗauke ta da wata tsohuwar wayata, shekara guda kafin rasuwarsa, yana zaune bakin hawasharmu, gonar audugar da ya ƙare rayuwarsa yana nomawa kusa da Wad Haddad. Yana lissafa garuruwan da kakanninmu suka yada zango tun daga Sakkwato har Makwar, da Hausar da ko ni sai na kasa kunne nake gane ta.

Inna tana da ƙaramar rediyo mai cin katin ajiya irin na cikin waya, da ita take sauraren karatun Alƙur'ani. Rediyon ba ta san komai ba sai mp3, wayar kuwa da wani tsari daban, wai shi amr, ta ɗauka. Kullum Inna sai ta ce, "Ya waladi, ɗana, yaushe za ka sa mini tsohon nan cikin radi?" Ni kuwa da na yi 'yan watanni ina koyon kwamfuta a Rufa'a, kaina ya riga ya kumbura. Na ce mata aikin minti biyar ne.

Na kwashe muryar daga katin wayar zuwa kwamfuta, na goge katin tas don rediyon ta karɓe shi. Don in gwada rediyon, na ɗauki muryata a mp3 ina cewa, "Ana ji? Ana ji? Wahid, itnen," wato ɗaya, biyu. Ta yi magana rangaɗau. Saura in juya ta Baba, in ɗora ta a kan ta gwajin.

Manhajar juyawar ba ta da maɓallai, baƙin allo ne kake rubuta mata umarni a layi ɗaya. Na sa -ar 8000 don saita sautin, da -ac 1 don ya fito ta hanya ɗaya, tunda lasifikar rediyon ɗaya ce. Na sa -y, wato kada ta tsaya tambayata kafin ta danne abin da ke wurin. Bayan -i sai sunan abin da za a juya, sannan sunan inda za a zuba.

To, mu nan duk abin da za mu sa wa suna da harufan Larabci muke rubuta shi. Na rubuta sunan na Baba, na bi shi da na gwaji. Da na ɗaga kai sai na ga na gwajin ne a manne da -i. Ashe allon ne ya jera sunayen biyu daga dama, yadda Larabci ke tafiya, sauran layin kuma daga hagu. Daidai na rubuta tun farko. Na yi tsaki, na ce kai, dubi shirme, na musanya su da hannuna, na danna.

Ko ƙiftawar ido ba a yi ba ta gama. Nan na san da matsala, don minti goma sha bakwai ba sa ƙarewa haka. Na buɗe na Baba, sai na ji kaina ina tambaya ko ana ji.

Na yi kwana uku ina neman dawo da ita. Na binciki katin da na goge, babu. Na ɗauki kwamfutar zuwa Rufa'a wurin wani mai gyara, ya duba ya duba, ya ce, "Malesh, sai haƙuri, an rubuta a kanta." Na ɗauki kwamfutar na koma gida. Na zauna da takarda in rubuta garuruwan da ka, shida kawai na tuna, su ma ban tabbata wanne ke gaba da wanne ba. Ban taɓa jin haushin kaina irin na ranar ba.

Inna tana gasa bun, wato 'ya'yan gahawa, a tsakar gida da la'asar na same ta. Na durƙusa na faɗa mata komai, har da -y ɗin da ba ta san ko mene ne ba.

Ta daɗe tana juya kaskon. Sannan ta ce, "Halas, ya wuce. Mi ya rage ciki?"

Na ce, "Ni ne, Inna. Muryata ce kawai."

"Sa mini ita."

Na sa katin, na kunna. Rediyon ta ce, "Ana ji? Ana ji?"

Inna ta sauke kaskon, ta jawo rediyon jikinta. Ta ce, "Haka yake tambaya in ya kira daga hawasha. Kai ba ka san da muryarshi kake magana ba?" Ta sake dannawa da kanta, ta sunkuyar da kai kusa da lasifikar, ta ce, "Ana ji, Malam."