Tuƙin Tsakar Gida

Maigidana ya rasu cikin sanyi, a shekarar da sojoji suka ce za su koma bariki su bar wa farar hula mulki. Ya bar ni da 'ya'ya mata biyu, da gidan haya a Gyaɗi-Gyaɗi, da wata farar mota 'yar Beljiyam da ya saya bayan ya gaji da hawa babur zuwa ofis. Shekara biyu kacal ya more ta. Kullum da yamma da baya yake shigo da ita, hancinta na kallon get, wai don kada ya ɓata lokaci da safe. Haka ya ajiye ta ranar da ya kwanta ciwon da bai tashi ba, haka kuma na shiga takaba ina kallonta ta tagar ɗaki.

Ni ba mai iya zama ba ce. Malamar firamare ce ni, na saba wuni a tsaye ina ɗaga murya a kan yara sittin. Sai ga ni an ce wata huɗu da kwana goma ba fita, ba kwalli, ba turare. Wannan duk na ɗauka, umarni ne. Abin da ya kusa haukata ni shi ne ƙarin da Gwaggona ta zo da shi daga cikin gari tare da ƙullin kayanta, don ita aka turo ta taya ni zama. Kada in yi sauri in ina tafiya. Kada in ɗaga murya. Kada in leƙa ƙofa. In na share tsakar gida sau biyu sai ta ce, "'Yar nan, zauna mana, ƙasar ba ta yi miki laifi ba." In zauna, ƙafata ta kama rawa da kanta.

Washegarin sadakar bakwai wan marigayi ya zo daga Tarauni. Yaya muke ce masa. Ya tsaya a baranda, ni ina bayan labule.

"Malama, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Yaya."

Ya yi gyaran murya. "Motar nan nake dubawa. Kin san mota ba ta son zama. Batir zai mutu, taya ta lotsa, ɓera ya shiga ya cinye wayoyi. Ki miƙo mukulli in kai ta wajena, a riƙa kula da ita kafin a zauna rabon gado."

Maganarsa ba ƙarya a ciki, shi ya sa ta fi ƙona mini rai. Tun da ba mu da ɗa namiji, Yaya yana cikin magada, kowa ya sani. Ni kuma na san halin gidan Tarauni. Tsohon babur ɗin marigayi can ya je aron sati ɗaya, har yau ban sake ganin ko madubinsa ba. In motar nan ta fita get ɗin nan a hannun Yaya, ranar rabo cewa za a yi ai tana wajensa, a bar masa a kasonsa. Ni da yara mu koma acaɓa, ɗaya a gaba a kan tanki, ɗaya a matse tsakanina da ɗan acaɓa, a titin Zariya da manyan motoci.

Ban san lokacin da bakina ya ce, "Ai ana tayar da ita kullum, Yaya," ba.

"Wa yake tayarwa?"

"Ni."

Sai na ji ya yi 'yar dariya ta hanci. Gara ma a ce zagina ya yi.

"To madalla. A bar ta. Amma ranar zama gaskiya za a faɗa, Malama. Gidan da ba mai tuƙi ba a bar masa mota ta ruɓe."

Ko kujerar direba ban taɓa zama ba a rayuwata. Da gari ya waye na ɗauko mukulli daga aljihun rigar da marigayi ya sa ta ƙarshe, na shiga, na yi bisimilla, na murɗa. Motar ta yi tsalle gaba kamar akuyar da aka tsikara, ta mutu. Na sake, ta sake. Ana cikin haka aka buga get da ƙarfi. Maƙwabciyarmu ce, wata nas 'yar kudu da aka haifa a Sabon Gari, wadda duk layin ke kira Sista. Ita kaɗai ce mace mai tuƙa mota a unguwar a lokacin.

"Wa yake son kashe motar nan da sassafe?" Ta shigo ta leƙo ta taga ta gan ni cikin tsohon hijabi. Ba ta tambaye ni dalili ba. Ta zagayo ta buɗe ɗaya ƙofar ta zauna. "Madam, a giya take. Taka wancan na hagu har ƙasa. Shi ne kuloci. Har ƙasa na ce, ba tausa za ki yi masa ba."

Tsakar gidanmu doguwa ce, siririya. Daga hancin mota zuwa get taku tara ne, na auna da ƙafata. Wannan taku taran shi ne makarantata. In sa lamba ɗaya, in saki kuloci a hankali, in ba ta wuta kaɗan, in tafi, in taka birki kafin get. In sa ribas, in dawo har gindin bangon kicin. Sati biyu na yi kafin ta daina mutuwa a hannuna. Sista takan shigo in ta taso daga aiki, ta yi mini faɗa, wani lokaci ta kawo galan ɗin mai daga wajen 'yan cuwa-cuwa, don a shekarar layin gidan mai sai mutum ya wuni.

Gwaggo kuwa salati ta saka ranar farko.

"Mai takaba a cikin mota! Wannan wace irin bidi'a ce?"

"Gwaggo, na fita?"

"Ba ki fita ba."

"Na yi kwalliya?"

"Ke dai bakinki ba ya mutuwa. Mijin naki ko wata bai yi a ƙasa ba."

Wannan ta soke ni, na shiga ɗaki na kwanta. Amma da safe na sake fitowa da mukullin. Ta aika aka tambayo mata malamar Islamiyyar layinmu, aka ce ba a ga inda aka hana ba. Daga nan ta janye tabarmarta zuwa baranda, ta koma mai ba da umarni. "Ya isa haka! Za ki take mini buta!"

Gaskiya ba don rabon gado kaɗai nake yi ba. Cikin motar nan ne kawai nake jin numfashina yana sauka. In rufe gilas, in kunna rediyo, ba mai ce mini in yi a hankali. Lokacin zaɓe ne, ana gama wannan a shiga wancan. Ta bayan katanga ina jin jerin gwanon motocin 'yan siyasa, ana hon, ana kiɗa, matasa na ihu a saman motoci. Duk garin yana motsi, kowa yana da inda za shi, ni kuwa taku tara gaba, taku tara baya. Wata rana na yi sau arba'in ban sani ba, sai da ƙaramar 'yata ta buga gilas ta ce tuwo ya huce.

Yaya yakan biyo duk Juma'a bayan masallaci. Ya gaishe ni ta labule, ya ba yara alawa, sannan ya zagaya motar. Ya daki taya da ƙafa, ya dubi sawun da ta yi a ƙasa, ya tafi. Sau ɗaya ya zo da wani mutum mai ƙaramar jaka, wanda ya durƙusa yana leƙen ƙarƙashinta. Ranar ko abinci ban iya ci ba. Na ce wa Gwaggo, "Kin gani ko? Har dillali ya kawo, ni ina raye." Ta ce in ji tsoron Allah in daina zato. Ban daina ba.

Na fita takaba 'yan kwanaki bayan an rantsar da sabuwar gwamnati. Aka yi mini lalle, na sa sabon ɗinki, mata suka cika gida. Washegari da hantsi aka sa zaman rabo a gidan Yaya. Sista ta yi alkawarin za ta zauna a gefena mu tafi tare, sai aikin safe ya faɗo mata, ba wanda zai karɓe ta. Ta ce in jira ta zuwa azahar. Azahar! Kafin nan an shafa fatiha an tashi. Yaya ma ya aiko cewa in hau tasi in zo.

Na yi ta zarya tsakanin ɗaki da baranda har Gwaggo ta gaji. Ta tashi da kanta, tana ɗingishi, ta zare sakatar get ta buɗe shi duka biyu.

"Je ki," ta ce. "In kin zauna ma kashe ni za ki yi da sintiri. Allah ya tsare."

Na tayar, na sa lamba ɗaya, na wuce taku tara, na shiga na goma. A nan na gane abin da ni da Sista duk muka manta. Layinmu a gicciye yake, dole in karya dama, ni kuwa wata huɗu ban taɓa juya sitiyari mota tana tafiya ba. Ba inda zan juya shi a tsakar gida. Na kama shi da hannu biyu na murɗa da wuri, da ƙarfi. Sai na ji ƙuuu, gefen motar yana gogar ginshiƙin get tun daga ƙofar gaba har ta baya. Madubin gefe ya karye ya faɗi. Gwaggo ta ɗora hannu a ka. Na san in na tsaya ba zan sake tashi ba, don haka ban tsaya ba.

Ba na ba kowa shawarar ya yi abin da na yi. Ba lasin, ba madubi ɗaya, ba abin da na sani sai lamba ɗaya da ribas. Sista ta nuna mini inda lamba biyu take, amma tsoron sakin sitiyari ya hana ni kai hannu. Haka na hau titin Zariya, inji yana kururuwa, mota tana tafiyar da mai keke ke wuce ni. Hon ta ko'ina. Wani ɗan acaɓa ya sunkuyo ya ce, "Hajiya, koma gida ki turo direba!" Na ce masa abin da bai dace da wadda ta fita takaba jiya ba. A shataletale sau biyu na zagaya kafin na samu zuciyar fita zuwa titin Maiduguri. Gumi ya jiƙa sabon ɗinkina har zani. Tafiyar da marigayi ke yi kafin shayi ya huce, ni sai da na kusa cinye hantsin.

A ƙofar gidan Yaya an shimfiɗa tabarmi a inuwar dogon yaro. Maza sun kai goma, da malamin da zai yi rabo a tsakiya da littattafansa. Tun daga bakin layi suka jiyo kukan injin, duk suka juyo. Na tsaya a gabansu, na kashe, wani wari kamar na ƙonannen roba ya tashi. Na fito na durƙusa na gaishe su. Ba wanda ya amsa da kyau, motar suke kallo.

Yaya ya tashi ya zagaya ta. Ya tsaya a gefen da ya gogu, ya bi dogon tabon da yatsa tun daga farko har ƙarshe, ya taɓa inda madubi yake a da. Na ce a raina shi ke nan, na kawo masa hujja da hannuna. Yanzu zai ce ku duba, rana ɗaya ke nan.

Ya koma ya zauna. Ya dubi malamin.

"Allah gafarta Malam, ni dai ba za a sa mini wannan a kasona ba. Mota an yage mata gefe, an ƙona kuloci, me zan yi da ita? A sa ta a na yara. Uwarsu ta ji da ita."

Wani ƙaninsu ya buɗe baki, Yaya ya ɗaga masa hannu, ya rufe. Malam ya rubuta. Na shiga wajen mata na zauna har aka gama, raina a cunkushe. Na samu abin da nake so, amma da wulaƙanci aka miƙo mini, a gaban mutane, kamar tsumman da aka gama da shi.

Da aka tashi na fito zan tafi, sai na ga layin ba ya ɓullewa. Dole a juya mota, ga kwata hagu da dama. Na shiga na zauna riƙe da sitiyari, ban san ta inda zan fara ba, ba kuma zan roƙi kowa ba. Sai na ga Yaya ya naɗe hannun babbar rigarsa ya zagaya baya. Ya daki but ɗin motar da tafin hannu sau biyu.

"Sa ribas. Karya hagu duka. Duka na ce! Yauwa. Taho. Taho, taho, kada ki ji tsoro, ina nan."

Ban ga fuskarsa ba, muryar kawai nake ji ta taga. Shekara goma sha biyu ina gaishe da mutumin nan, ban taɓa lura ba sai ranar: muryarsu ɗaya da marigayi, har yadda suke jan ƙarshen magana. Wata huɗu ina fama da kuloci da birki, ban yi kukan kirki ba. A nan ya zo mini gaba ɗaya, a tsakiyar layi, mota a gicciye, rabi a ribas. Na taka birki na kifa kai a sitiyari.

Ya zo taga ya tsaya. Da na ɗago na ga shi ma idonsa ya yi ja, yana kallon wani wuri can.

"Malama," ya ce, "kuka ko tuƙi, ɗauki ɗaya. Kin tare wa mutane hanya."

Na share fuska da gefen mayafi, na saki birki a hankali, ya koma baya yana ce mini in taho.