Ba a Ɗaga Mai Barci

A gidanmu akwai abubuwa biyu da ba a yi. Ba a ɗaga mai barci daga inda barci ya ɗauke shi, kuma Innarmu ba ta kiran sunan Yaya Haruna. Na farkon dokar kakarmu ce, wadda muke kira Habboba kamar yadda 'ya'yan Larabawan ƙauyenmu ke kiran tasu. Na biyun kuwa kunyar ɗan fari ce, wadda kakanninmu suka ɗauko tun daga ƙasar Sakkwato suka sauke ta a bakin tura'a, babbar magudanar ruwan noma, kusa da Wad Haddad, ko ƙwarzane ba ta yi a hanya ba. "Yaron nan" Inna ke ce masa, in ta matsu ta ce "wancan". Sai ka ji ta ce, "Safiya, ce wa wancan tuwonsa na hucewa," alhali ga shi zaune gabanta yana jin ta da kunnensa.

Ita dokar barcin, ga dalilinta. Habboba ta ce idan mutum ya yi barci kurwarsa fita take yi yawo, kuma wurin da ta bar shi nan take dawowa nemansa. Don haka duk yaron da barci ya sace a tsakar gida wajen jin tatsuniya, nan zai zauna har a kira sunansa a hankali ya amsa da bakinsa. Ni da nake da nauyin barci kamar dutsen niƙa, na sha cizon sauro a kan wannan doka. Amma wa ya isa ya musa wa Habboba? 'Yar tsohuwa ce ƙanƙanuwa, sai baki. In ta hura wutarta ta itacen auduga bayan magariba, ta ɗora 'ya'yan gahawa tana soyawa, duk yaran layinmu sai sun taru, kuma duk wanda ya yi hamma sai ta tambaye shi ko gidan ubansa ba a rufe ƙofa.

Maraicen da ba na mantawa a bazara ne, bayan an gama cirar auduga, ana tuge itacenta ana ƙonawa a hawasha, wato gonakin audugar. Ina 'yar shekara tara. Babanmu ya tafi aikin rake can kudu. Da hantsi Yaya Haruna ya dawo daga tugen itace yana riƙe da kai, ya yi amai, ya kwanta a kan gadon igiyar Habboba a ƙarƙashin rumfa. Zuwa azahar an kira shi bai amsa ba. Jikinsa zafi rau, wuyansa ya sandare ya lanƙwashe baya, idonsa a rufe. Habboba ta shafa masa rubutu, ta ce kowa ya bar shi, kurwa ta yi nisan kiwo ne.

Da la'asar Baffa Usman, ƙanen babanmu, ya dawo daga Sinnar da boksinsa, motar da yake jigilar 'yan kasuwa. Yana taɓa wuyan yaron sai fuskarsa ta canza.

"Hajja, wannan ba barci ba ne. Sahaya ce, sankarau. Ita ta kwashe yara a kambon 'yan ƙwadago da ke bayan tura'a. A ba ni shi in kai asibiti yanzu."

"Na ce maka ba ciwo ba ne?" in ji Habboba. "Ciwo ne, shi ya kori kurwa tai. In ta komo ta iske gado wayam fa? Kai ka shiga ka zauna mishi?"

"Wallahi Hajja in muka kai safe…"

"Usmanu." Ba ta ɗaga murya ba. "In ka ɗaga yaron ga, ban yafe nonon da ka sha ba."

Baffa ƙato ne, shi kaɗai yake ɗaga buhun dawa ya jefa mota. Amma ya tsaya da makulli a hannu kamar an kafe shi. Ya fita, muka ji ya tada mota, ya kashe, ya dawo. Inna kuwa tana madafa tana yin kisira, wainar dawarmu mai falle-falle, ba ta leƙo ba, don ba a san uwa da nuna damuwa a kan ɗan fari ba, balle a gaban surukarta. Ƙaurin da ke fitowa daga madafar ne kawai ya tona ta. Inna da ba ta taɓa ƙona kisira ba, ranar ko ɗaya ba ta ciwu ba.

Bayan magariba sai Habboba ta jawo murhunta kusa da gadon, ta hura wuta, ta ce mu zauna. Na yi mamaki ƙwarai, har na ji haushinta. Tatsuniya, yau? Sai da na ga 'ya'yan gahawa na zubewa daga hannunta kafin su kai kasko, sannan na gane ita ma tsoro ya cika ta. Can nesa wutar hawasha ta yi wa sama ja. Baffa na tsaye a bakin zaure.

"Ga ta nan tafe, ku ba ta wuri," in ji Habboba.

"Ta zo ta zauna," muka amsa, murya ƙasa-ƙasa.

Labarin wa da ƙane ne da suka baro gida a ƙasa za su Makka, kamar yadda kakanta ya yi. Wata rana ayari ya ya da zango a gindin wata tsamiya, ƙanen ya kwanta, gajiya ta kai shi nesa. Da madugu ya ce a tashi, wan ya dubi ƙafafun ƙanensa duk sun tsage, tausayi ya kama shi. Bai tashe shi ba, ya ɗauke shi cak ya ɗora a jaki. Can kurwar ta dawo daga yawonta, ta tarar da gurbin jikin a kan rairayi, da ɗuminsa, amma babu mai shi. Shi kuwa jikin ya farka a kan jaki. Yana ci, yana sha, yana tafiya, in an ce zauna ya zauna. Har Makka ya je, ya yi ɗawafi.

"Amma in ka leƙa idonai," in ji Habboba, tana kallon Baffa, "ɗaki ne da anka share. Ba kowa ciki. Ita ko kurwa tana nan gindin tsamiya har yau, duk ayarin da ya wuce sai ta tare su: bayin Allah, ba ku ga gidana ba?"

Mun sha jin labarin nan, amma ranar sai na ji tsikar jikina ta tashi. Bakina da ba ya shiru ya ce, "To Habboba, wanne ne shi? Wanda ya je Makka, ko wanda ke gindin tsamiya?"

Ta buɗe baki za ta yi mini tsiya irin tata, sai ta rufe. Yaya Haruna ya ja wani numfashi mai gurnani, yatsunsa suka dunƙule.

"Hajja."

Inna ce, tsaye a bakin madafa, hannunta duk ƙullu. Tunda nake ban taɓa ganin ta tsoma baki a hirar Habboba ba.

"Me ya sa ba wanda ya kira shi? Da an yi ta kiran sunansa a hanya, ai da ta biyo sautin."

"Kurwa ba ta bin kiran kowa," in ji Habboba. "Sai muryar da ta fara ji tun tana ciki. Uwarsu kuwa sun baro ta Sakkwato."

"To wannan uwarsa na nan."

Ta taka ta wuce wutar, ta durƙusa a bakin gadon, ta sa bakinta a kunnensa. Sau biyu leɓenta ya motsa ba abin da ya fito. A na uku muka ji.

"Haruna."

Wallahi sai na ji kamar baƙuwa ce ta shigo gidanmu. Matan maƙwabta da ke leƙe ta kan katanga suka rufe baki da mayafi. Inna ta sake kira, da ƙarfi, ta sa hannu ƙarƙashin wuyansa ta ɗaga shi da kanta. Ta ce, "Usman, kai ba ka ɗaga shi ba, ni na ɗaga. Tada mota."

Duk muka juya ga Habboba, muna jiran bakin da zai fito. Ta daɗe tana kallon gadon da babu kowa. Sannan ta rarrafa ta hau, ta zauna daidai inda ya kwanta, ta dubi Inna.

"Kar ki yi shiru, Hajara, ko da numfashi guda. Safiya, bi su ki riƙe ƙafa tai. Ni ina nan. In ta biyo ta nan, in gwada mata hanya."

Hanyar bakin tura'a ba ta da kirki, duk ramuka. Ina riƙe da ƙafafunsa a bayan boksi, Inna ta rungume kansa, tana kira. Haruna. Haruna, ga mu nan, biyo mu. Haruna, mun hau kwalta. Haruna, ga fitilun Sinnar. Kiran shekara goma sha uku da ta haɗiye, duk ta amayar da shi a hanyar nan, har muryarta ta dushe ta koma iska, ba ta daina ba. A asibiti aka soka masa allura a gadon baya, aka ɗaura masa ruwa. Likitan ya tambayi tun yaushe yake haka. Baffa ya sunkuyar da kai.

Bayan kwanaki Yaya Haruna ya buɗe ido, kuma da mutum a cikin idon. Ya gane mu, ya nemi ruwa. Sai dai kwano ya faɗi a bayansa bai waiwaya ba. Ciwon ya tafi da kunnuwansa duka biyu, har yau.

Da muka koma gida muka tarar da Habboba a kan gadon nan. Maƙwabta suka ce salla da kewaye kawai ke sauke ta. Ta ci gaba da yi mana tatsuniya har ƙarshen ranta, amma ba ta ƙara yin ta tsamiya ba. Sau ɗaya na ji ta tana cewa ita kaɗai, "Na tsare mishi ƙofa, na ɓatar mishi da kunne." Na yi shekaru ina fushi da ita, ba zan ɓoye ba.

Yanzu aikin jinya nake yi, na san sunan ƙwayar cutar, na san abin da wunin nan ya ci mana. Da wani zai ce mini kar a ɗaga mara lafiya, da ni da shi sai an raba. Amma tambayar da na yi a bakin wutar nan har yau ba wanda ya amsa mini ita, da littattafan aikina da malaman da suka ce barci ƙanen mutuwa ne. Nakan tsaya a kan wanda ya suma, ga zuciya na bugawa, ga numfashi, in ce a raina: to shi yana ina? Shi ya sa ba na barin kowa ya yi maganar banza a kan majinyacina, kuma nakan ce wa dangi su kira sunansa.

Dalilina shi ne abin da Yaya Haruna ya gaya mini bayan mun girma. Ba wanda ya taɓa ba shi labarin motar nan, don Inna tana dawowa gida ta koma wa "yaron nan", mu kuma kunyarta ta rufe mana baki. Ya ce shi dai ya san yana wani wuri mai duhu, ba shi da hannu ba shi da ƙafa, sai wata murya da ke ta kiran Haruna. Ya san muryar, ya san sunan, amma bai taɓa jin su tare ba, shi ne ya bi don ya ga ko wace ce.

"Shi ne sauti na ƙarshe da na ji a duniya, Safiya," ya ce, da muryarsa da ta koma mai kauri. "Kuma ya ishe ni."

A lissafin aikina, watakila kunnuwan sun riga sun mutu kafin mu hau kwalta. Ban gaya masa haka ba.

Inna ta tsufa yanzu. Sallar da ta wuce na je gida, na fito daga ɗaki na gan ta tsaye a bayansa, yana zaune yana gyaran igiyar tsohon gadon nan. Ta duba dama da hagu, ba ta gan ni ba. A inda ba zai ga leɓenta ba, ta faɗi sunan a hankali.

Ya ajiye igiyar, ya waiwayo.