Ranar da Kaka Ta Mai da Mu Masu Kuɗi

Ƙafata ta hagu ta daina girma tun ina ƙarama, shan-inna ya riƙe ta, sauran jikina kuwa ya ci gaba da harkarsa, musamman bakina. Da sanduna biyu nake tafiya. A cikin unguwa babu mai riga ni isa gidan biki, amma makarantarmu tana can bayan garin Hadejia ta wajen fadama, kuma da damina hanyar takan koma kamar kunu. Yayana ne ke goya ni a kekensa. Da ya sami aiki a injin casar shinkafa a Kafin Hausa, Baba ya zaunar da ni ya ce idan ba a sami abin hawa ba, karatuna ya tsaya a aji huɗu. Yana maganar yana kallon ƙasa.

Ana cikin haka aka yi sanarwa a rediyo cewa gwamnati za ta ba masu buƙata ta musamman tallafin kuɗi. Muka je sakatariya ni da Baba, muka bi layi. Wani makaho da ke gabana ya ba ni labarin duk wanda ke wurin, har da waɗanda ba su iso ba. Aka rubuta sunana, aka ɗauki hotona, aka ce za a turo ma'aikata gida su ga halin da muke ciki. Kafin mu fito na riga na sayi keken guragu a zuciyata, ja, mai ƙararrawa.

Kuskure ɗaya Baba ya yi: ya gaya wa Kaka, mahaifiyarsa, cewa baƙi za su zo daga gwamnati.

A wurin Kaka, baƙo ba ya ganin rashin gida. Ko ɓera ne ya shigo, so take ya fita yana yabonmu. Ranar da za su zo, Baba na tafiya gona sai ta baza yara gida-gida. Aka kawo kujerun kushin daga gidan dillalin kifi, kafet daga ɗakin wata amarya, talabijin daga gidan malamin asibiti. Har firij wasu ƙarti suka shigo da shi suna nishi, a gidan da ko wayar lantarki babu. Ta yanka zakaranmu, ta soya kifi. Ni kuma ta naɗe ni da leshin Inna, mahaifiyata, ta zura mini hijabi har ƙasa, ta dasa ni a kan kushin. Sandunana ta kai su bayan rumbu, wai suna ɓata tsari. Na yi mata bayani har muryata ta dishe. Ta ce in rufe mata baki, ba za a je ofis a ce gidanta babu wurin zama ba.

Su biyu suka zo, wata Hajiya mai tabarau da wani saurayi mai riƙe mata jaka. Saurayin ya dubi firij, ya dubi talabijin, ya koma waje ya tambayi yara ko shi da Hajiya sun yi ɓatan gida ne. Bayan an ci an sha, Hajiya ta fara tambaya. Abinci fa? Kaka ta ce alhamdulillahi, har maƙwabta muke ba. Ambaliyar bara ta taɓa mu? Ta ce ruwan ya zo, ya ga gidan, ya ji kunya ya koma. Alhali wata guda muka yi muna kwana a makarantar firamare. Yarinyar fa, tana shan wahala wajen zirga-zirga? Kaka ta ce ai wannan ko akuya ba ta kamo ta.

Ina zaune kamar gimbiya, ina jin ƙararrawar kekena tana yin nisa.

Sai na sulale daga kan kushin, na rarrafa tsakar gida da leshin Inna da komai, na jawo sandunana na miƙe. Kaka ta hau salati.

“Hajiya, ki yi haƙuri,” na ce, “kayan nan duk na aro ne, da la'asar za a mayar. Tabarma da zakara ne kawai namu, zakaran ma kun cinye. Don Allah ki zo ki ga hanyar makarantarmu.”

“Ja'ira,” in ji Kaka, “a gaban gwamnati za ki tona ni?”

Hajiya ta yi dariya har ta cire tabarau tana share ido. Ta ce wa Kaka kada ta damu, ita ma tsohuwarta a Kaugama da haka za ta yi, ƙila har da raƙumi. Sannan ta bi ni. Ba mu kai rabin hanya ba laka ta kama sandata ɗaya, ta haɗiye takalmin Hajiya. A tsaye da ƙafa ɗaya, tana dafe da kafaɗata, ta rubuta abin da za ta rubuta, saurayin yana can yana laluben takalmi.

Kaka ta yi fushi da ni sosai. Idan tana son in miƙo mata ludayi, sai ta gaya wa kyanwa.

Tallafin bai fito ba sai bayan girbi. Kafin nan Baba ne ke kai ni a kafaɗa zuwa bakin titi, ina ba shi umarni kamar direba. Da kuɗin suka shigo, ya kai wa mai walda, aka haɗa mini keke mai ƙafa uku da feda ta hannu. Shuɗi ne, jan fenti ya ƙare a shagon, amma na yafe. Ranar farko na isa makaranta maigadi bai ma buɗe ƙofa ba, na yi ta zagaya shi har ya ce jiri nake sa shi.

Yanzu ina aji biyar. Matsala ɗaya ce: tun da na sami ƙafa uku, duk aiken unguwar ya dawo kaina. Jiya daga makaranta da buhun gawayi na dawo, da kajin wata mata guda biyu a kan cinyata.