Illiya Mai Sede da Sojan Tasha

Illiya manomin albasa ne a Tabelot. Shekarar da sojoji suka karɓi mulki rijiyar garkarsa ta ƙafe, sai ya sauko Agadez ya kafa tebur a bakin tasha, yana saida faifan sede fanko ga masu ɗora waƙa. A ƙarƙashin tarin faifan yakan ɓoye masu ɗauke da waƙoƙin gita na zamanin tawaye, waɗanda mutane ke tsoron a kama su da su.

Wata ranar Laraba wani soja ya tsaya gabansa da bindiga a kafaɗa.

"Wanne ne zafin mota ba ya ɓatawa?"

"Na saman nan, shef. Su ne masu ƙarko."

Sojan bai ɗauki na sama ba. Ya zaro ɗaya daga can ƙasa, ya juya bayan faifan a rana, shatin waƙoƙin da aka ɗora ya fito fili.

Sojan ya daɗe yana duban Illiya, sannan ya maida faifan inda yake.

"Wannan ba fanko ba ne, malam. Ka gyara kayanka."

Ya sayi biyu daga sama ya wuce. Washegari Illiya bai fito tasha ba.