Zogalen Bakin Ƙofa da Ɗaki Mai Taya

Ɗana na fari ba na kiran sunansa. A Damagaram aka raine ni, kuma can mace ba ta buɗa baki ta kira ɗan fari. Na haife shi a unguwar Hindawiyya ta Jidda, na yaye shi, ya kama aiki a tashar jiragen ruwa, ya yi aure, furfura ta fara leƙo masa, duk da "kai" da "yaron nan" nake bi da shi. Matan Jidda suna yi mini dariya. Su yi ta yi.

Da Allah ya buɗa masa, ya ɗauke mu zuwa gida mai fili da ƙofar mota. A gefen ƙofar nan, daga ciki, na shuka zogale. Irin kuwa mahaifiyata ce ta aiko mini ta hannun wata alhajiya, shekarar da za ta rasu. Ƙasar Jidda gishiri ce, abin da ka ba ta duk sai ta cinye. Da ruwan alwalata na raine shi har ya wuce katanga.

Wata Alhamis da la'asar sai ga yaron nan ya jawo wani abu a bayan motarsa. Karafan suke ce masa, ni dai ɗaki mai taya na gani, har da gado da murhu da labule. Wai na kwanan bakin teku ne da iyali. Ya ce ba a barinsa a titi, dole ya shigo gida, kuma da baya.

Na dubi faɗin ƙofar, na dubi abin, na dubi zogalena.

Maƙwabcinmu, wani Alhaji Bahaushen Sudan, ya fito ba a kira shi ba, ya tsaya ta gefen direba yana kaɗa hannu. "Irja, irja! Dawo baya! Shuwayya, a hankali!"

Abin nan jaki ne mai gardama. In aka murɗa masa dama, gindinsa ya yi hagu. Ya shigo a karkace, ya fita. Ya sake shigowa, ya lanƙwashe kamar gwiwa, ya tare titi, motoci suka hau danna ham. Ni kuma na zauna a tabarma, na miƙe. Na ɗauki carbi, na ajiye. Na shiga na duba tukunya, ban ma san me na gani a ciki ba, na fito.

"Alhaji, kana ganin itacen nan kuwa?"

"Hajiya, koma ciki ki huta, wannan aikin maza ne."

"Mazan ne tun ɗazu nake kallo."

Can dai gindin ya samu ƙofa. Alhaji idonsa na kan katangar gefensa, yana murna, "Yalla, yalla, ka samu!" Ta gefena kuwa kusurwar ƙarfen ta nufi zogale kai tsaye. Na ce, "Kai!" Na ce, "Kai, tsaya!" Titi cike da masu cewa kai, wa zai ji tawa? Na buga jikin ɗakin da tafin hannu, ƙarar injin ta haɗiye. Ganye ya fara karkarwa. Reshen ƙasa ya ce ƙas.

Sai na ji sunan ya fita daga bakina. Cikakkensa, yadda liman ya raɗa shi.

Motar ta tsaya cak, har tukwanen cikin ɗakin suka zube. Yaron nan ya diro ko ƙofa bai rufe ba, ya zagayo, ya tsaya a gabana yana haki. Tsakanin ƙarfe da jikin itacen, tafin hannuna da ƙyar zai shiga.

"Inna. Ke ce kika kira?"

"Matsar da akwatinka."

"Wallahi na ji. Sake faɗa."

"Ka ji ham ɗin mutane dai. Ka tare musu hanya."

Ƙato da gemu, idonsa ya kawo ruwa a gaban maƙwabta. Na juya masa baya, na tsinci reshen da ya karye, na shiga na tsinke ganyensa na zuba a miya.

Daga baya hannunsa ya faɗa, ya iya shigo da abin ba tare da ɗan jagora ba. Amma duk Juma'ar da suka dawo daga teku, ina jin ƙarar motar tun daga kwana sai zama ya gagare ni, don na san abin da zai yi. Sai ya karkato gindin wajen zogale da gangan, sannu sannu, fuskarsa a madubi tana kallon bakina ko zan sake kiran sunan. Matarsa tana cewa, "Haram alek, ka bar Inna ta huta!"

Ni ma na samo dabarata. Na sa aka kai mini kujera gindin itacen. In sun dawo a nan yake tarar da ni, carbi a hannu, leɓena a dantse. Ya matso, ya matso, ya jira. Sannan ya yi dariya ya miƙe tayar.