Na Koyo Gwanintar Tuƙi, Na Kifar da Mai Naƙuda

A shekarun da ƙasarmu take fita daga hannun soja, jam'iyyu suna kafa tutoci a bakin kowace kasuwa, ni matashi ne sabon aure, ina tuƙa motar wani furoje, wato shirin agaji na kiwon lafiya, a Agiye. Ba zan faɗi sunana ba, na mutanen da zan ambata ma zan sakaya, domin yawancinsu suna raye. Ɗan wani ƙauye ne ni kusa da Gazawa. A tasha na taso, na yi aparanti, wato yaron mota, a bayan motocin kasuwa har na samu permi, takardar izinin tuƙi, daga nan Allah ya haɗa ni da wannan aiki. Motar da aka ba ni kat-kat ce, irin mai ja da ƙafa huɗu, fara, doguwa, mai wurin ɗaura kaya a bisa. Aikina kai ma'aikata ƙauyuka allurar rigakafi, da ɗauko marar lafiya idan ciwo ya tsananta, don motar asibitin gwamnati ta daɗe a jingine, ba taya ba mai, ma'aikata kuma yau yajin aiki gobe yajin aiki.

Wanda na fi fita da shi shi ne majo, wato babban ma'aikacin jinya na gidan likitanmu. Bagobiri ne mutumin Cadakori, ya girme ni sosai, mai sanyin magana da saurin hannu. Tsohuwa mai tsoron allura sai ta ba shi hannu tana dariya, kafin ta gama dariyar ya gama. Tsakaninmu akwai wasan Bagobiri da Bakatsine, kullum yana tsokanata ina ramawa, amma a raina matsayin wa na ba shi. Shi ya tsaya mini a bikina, kuma a gidansa matata ta fara sabo da garin.

Wata shekara kafin damina, masu furojen suka tara mu direbobinsu a Maraɗi don wani horo na ƙarin ƙwarewa, irin wanda ake yi wa wanda ya riga ya iya tuƙi. Malamin da aka kawo dattijo ne da ya daɗe yana tuƙi a hamada. Da safe muna cikin aji, yana magana a kan hango hanya daga nesa, da tazarar da mota take ci kafin ta tsaya, da yadda kayan bisa suke sa doguwar mota ta yi saurin kifewa, da gajiyar direba. Gaskiya a bayan aji nake zama ina hamma, ina ganin duk wannan na san shi tun ina aparanti. Da rana kuwa sai a fita da mu wani fili, a nan raina yake. An koya mana rage iskar taya idan za a shiga rairayi, da taka birki ba tare da ƙafafun mota sun daskare ba, da kauce wa ganguna da aka jera ana cikin gudu. Sai a zuba ruwa a kan laka, a ce ka shigo da wuta har bayan mota ya zame, ka karkata sitiyari wajen da ta zame, ka ɗauke ƙafa daga birki, ka ga ta dawo ta miƙe. Ranar da na fara yin wannan daidai, sai na ji kamar an ƙara mini hannu na uku. Na fi kowa iyawa a cikinmu, malamin ya faɗi haka a gaban jama'a, aka yi mini tafi.

Ba ƙaramin amfani horon ya yi mini ba, ba zan ɓoye ba. Rairayin da a da yake cinye mana rabin yini muna haƙa muna turi, sai na riƙa ratsa shi kamar wasa. Amma wani abu ya canza a cikina wanda ban lura da shi ba. Inda na saba rage gudu don ina tsoro, sai na daina ragewa, tunda na san in ta zame zan kamo ta. Lanƙwasar da nake shiga a hankali, sai na riƙa shigarta da wuta don in ji bayan motar ya ɗan yi rawa in gyara shi. A tasha aka fara ba da labarina, ina jin daɗi. Majo ya yi mini magana ba sau ɗaya ba, cikin wasa, yana cewa tun da aka kai ni, Bakatsine, lakol ɗin tuƙi, wato makarantar nan ta Maraɗi, hanjinsa bai sake zama wuri ɗaya ba. Ni kuma in ce masa Bagobiri ne dai da tsoro. Matata ma da na kai ta ganin gida ta ce ba za ta ƙara shiga ba sai in zan yi tafiyar mutane. Duk na ɗauke su waɗanda ba su san abin da na sani ba.

Ƙarshen daminar nan, gero ya yi tsawo ya fi mutum, aka aiko daga wani ƙauye kudu da Gazawa cewa wata mata tana naƙuda tun jiya, abu ya ƙi. Muka tafi ni da majo bayan azahar. Ya duba ta ya ce sai an kai ta Maraɗi, wataƙila sai an yi mata aiki. Aka shimfiɗa mata katifa a bayan mota, ya ɗaura mata ƙarin ruwa, ya zauna kusa da ita yana riƙe da robar ruwan, uwarta tana gefe. Mijin, wani manomi da bai wuce sa'ata ba, ya shiga gaba kusa da ni. A bisa akwai tayoyin ajiya da jarkunan mai da kayan aikinmu, ban ko tuna da su ba. Kafin in tayar, majo ya leƙo ta tsakanin kujeru ya ce mini, “Ƙanena, tana da sauran ƙarfi, za ta kai. Ka tafi da mu a hankali, girgiza ta fi jinkiri yi mata illa.” Na amsa masa da to.

Muna kama hanyar birji, jar ƙasa marar kwalta, matar ta fara nishi mai ƙarfi, mijin ya ruɗe. Ya riƙe mini gefen riga yana roƙona don Allah don Annabi in ƙara wuta, kada ta mutu a hanya. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa tausayinsa ne ya sa na ƙara. Da tausayi a ciki, amma ba shi kaɗai ba ne. Maganarsa ta dace da abin da zuciyata take so, shi ya sa na ji ta, na bar ta majo. Ina so a ce ni ne na kai ta a kan lokaci, ina so gobe a ba da labarin a tasha. An yi ruwa da safe, birjin ya yi santsi, kuma tun da aka shiga rikicin siyasa ba wanda ya zo gyaran hanyar, ruwa ya zaizaye gefenta ya bar ramuka. Duk na ga wannan, na ba ta wuta.

A wata lanƙwasa da gero ya rufe gefe da gefe, amalanken jaki ya fito daga gona da lodin ciyawa, ya tsaya a tsakiyar hanya. Da ina tafiyar da aka ce in yi, da birki kaɗai ya ishe ni. A gudun da nake kuwa ba wurin tsayawa. Na kauce, bayan motar ya zame, hannuwana suka yi abin da aka koya musu ba tare da na yi tunani ba, kuma ta amsa, ta fara miƙewa kamar yadda take yi a filin Maraɗi. Sai dai a can filin horon ba rami a gefe, ba kaya a bisa, ba mutane a baya. Ƙafar baya ta faɗa inda ruwa ya ci, motar ta ɗaga, na ga sama ta koma ƙasa. Ta kwanta a gefenta cikin gonar gero.

Ni da mijin ƙujewa kawai muka yi. Da muka fito muka zagaya baya, muka tarar da majo ya rungume matar da hannun hagu, ya tare ta da jikinsa, hannunsa na dama kuwa ya fita ta tagar da ta fashe, motar ta danne shi. Bai yi ihu ba. Abin da ya fara cewa shi ne a fitar da ita tukuna, a kwantar da ita ta gefen hagu, a duba ko tana zubar da jini. Yana ƙarƙashin mota yana gaya wa uwarta abin da za ta yi. Mai amalanken ya ruga ya kira mutanen gona, muka taru muka ɗaga motar da itatuwa har muka zaro hannun. Ban iya kallonsa ba. Allah ya kawo wata motar jam'iyya da ta fito daga taro, da lasifika da matasa cike da bayanta. Ba su tambayi ko mu ƴan wane ɓangare ne ba, suka sauko suka zubar da kayansu a bakin hanya, suka yaga ƙyallen tutarsu aka ɗaure hannun majo, suka ɗauki marasa lafiyar suka yi Maraɗi da su. Ni aka bar ni wurin motar ina jiran jandarma.

Matar ta rayu. Jaririn bai zo da rai ba. Na tambayi likitan da ya yi mata aiki ko faɗuwar ce ta kashe shi, ya ce ba zai iya rantsewa ba, naƙudar ta daɗe, mai yiwuwa tun kafin mu iso ƙauyen ya galabaita, mai yiwuwa kuma da motar ba ta faɗi ba da ya kai. Da wannan amsa nake zaune har yau, ba ta wanke ni ba, ba ta kuma kama ni ba. Mijin ya same ni a buron jandarma, wato ofishinsu, maimakon ya zage ni sai ya kama hannuna yana kuka, yana cewa shi ya matsa mini, in yafe masa. Ya shaida wa jandarma haka, shi ya sa ba a tsare ni ba, daga aiki dai aka sallame ni. Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Hannun majo ba a yanke shi ba, amma ya shanye. Mutumin da hannunsa ya karɓi haihuwar rabin yaran yankinmu ya koma ko alƙalami ba ya riƙewa da shi. Aka ba shi aikin zama a buro, bai jure ba, ya tattara iyalinsa ya koma Cadakori. Tun yana kwance a asibiti na je gaishe shi sau ɗaya, na tarar yana barci, na ji daɗin haka, na gudu. Na koma gona a ƙauyenmu, na bar tuƙi. Matata ce ta dame ni, ta ce mutumin da ya tsaya mini a aure bai cancanci in ɓuya masa ba, in ba zan je ba ita za ta je ita kaɗai.

Bayan girbin wata shekarar muka je. Matarsa, wadda nake kira Yaya, ta amsa gaisuwata a taƙaice ta shige ɗaki da matata, ban ga laifinta ba. Shi na same shi a zaure yana koyon rubutu da hagu. Na durƙusa na fara magana, ina cewa ƙaddara ce, Allah ya riga ya rubuta. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, “Ƙaddara gaskiya ce, na karɓi tawa. Amma kai kada ka ɓuya a bayanta. Na ce maka a hankali, ka ce to.” Na ce haka ne, Majo. A nan na fara faɗin gaskiyar abin da ya sa na yi gudu, abin da ko matata ban gaya wa ba. Ya saurara har ƙarshe, ya ce ya yafe mini duniya da lahira, kuma ba ya so ya ji na bar tuƙi, don hanya ta fi bukatar direban da ya san abin da mota take yi wa mutum. Washegari yana da zuwa asibiti a Maraɗi a duba hannun. Ya aro motar wani maƙwabcinsa, ya miƙo mini makulli da hagu, ya buɗe gaba ya zauna kusa da ni. Na shiga na tayar. Bai ce mini komai ba a kan tuƙi har muka isa, hira kawai yake yi a kan gero da zaɓen da ke tafe.

Na koma tuƙi, da shi na ci da ƴaƴana har gashina ya yi fari, kuma ban sake kwantar da mota ba. Yanzu ina ganin matasa suna zuwa irin wannan horo, ina kuma ƙarfafa musu gwiwa su je, domin ilimi ne na gaske, ya fitar da ni daga wurare da yawa da ba ni na jefa kaina ba. Abin da nake ja musu kunne a kai shi ne abin da yake biyo bayan horon. Duk ƙwarewar da ta ƙaru a hannunka, zuciya za ta ce ka mayar da ita gudu, sai ka wayi gari ka fi da iyawa amma ka fi da kusa da haɗari. Ni ranar nan hannuna bai yi kuskure ba, kuskuren na yi shi tun kafin in iso lanƙwasar. Idan ka ji kana marmarin mota ta zame don ka nuna za ka iya kamo ta, ka sauka ka ba wani makulli. Kuma idan kana ɗauke da marar lafiya, wani yana ce maka yi sauri, wani yana ce maka yi a hankali, ka tsaya ka tambayi kanka don me maganar mai sauri ta fi yi maka daɗi. Ni ban tambaya ba, kuma ba ni na biya ba. Wata uwa ta koma gida ba goyo, wana majo kuma ya ƙare rayuwarsa yana gaisawa da mutane da hannun hagu.